Ranar da Na Durƙusa wa Kulu Tsafe

Abubuwa da yawa sun zube mini a hanya, sunaye da fuskoki, har da waƙoƙin da muka haddace a aji. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa a tsakiyar filin tsere ba, mutanen Gusau da na Tsafe da na Bungudu suna kallo. Jikokina sun sha jin labarin a bakin wasu, kowa da gishirin da yake ƙara masa. Gara in ba da shi da kaina, ko ba komai a san cewa kafin in durƙusa ɗin, ni ce a gaba.

A shekarun hamsin ne. Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Bungudu. Da aka ce dole gidanmu ya ba da yaro ɗaya a sa shi boko, sai aka duba wanda ba za a ji rashinsa a gona ba, aka ba da ni. Aka ɗora ni a lori tare da buhunan gyaɗa, aka kawo ni Gusau wurin yayar babana da ke zaune a Tudun Wada. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, saboda haka tarbiyyar da ta tanadar wa 'ya'ya goma, a kaina ni kaɗai ta juye ta.

Babu abin da Gwaggo ta fi tsanantawa a kai kamar yadda ake miƙa abu. Ba a miƙa wa na gaba abu a tsaye. Ba a miƙa masa ta bayansa, sai an zagayo ya ga fuskar mutum. Hannu biyu ake sawa, kai a ƙasa, kuma ba a tashi sai an ce a tashi. Hannun hagu kuwa ba ya bayarwa, ba ya karɓa. Idan na kawo mata ludayi a tsaye, ba ta faɗa, ba ta duka. Sai ta bar ni riƙe da shi, ta ci gaba da kaɗin audugarta kamar ba kowa a wurin, can ta ce, "Koma ƙofa ki sake shigowa." Kafin in shekara a hannunta, gwiwoyina sun riga kaina sanin aikinsu. (Har tunkiyar gidan na taɓa rusuna wa da na kai mata dusa. Ba wanda ya gani.)

A makaranta mu mata ba mu da yawa, kuma kowa da sunan garinsu ake kiransa. Shi ya sa Kulu ta zama Kulu Tsafe, ko da yake babanta ya daɗe da barin Tsafe, yana aikin reluwe a tashar Gusau. Ta ɗan girme ni. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, da wani tabon ƙuna a idon sawunta mai kama da ganyen zogale. A bencin da ke gabana take zama, don haka na fi sanin ƙeyarta da fuskarta. Na san ranar da aka yi mata sabon kitso, na san ranar da ya fara tsufa, na san yadda kunnenta yake motsi idan tana danne dariya.

Bahaguwa ce. Malam Garba mai koya mana rubutu yakan buge mata hannun da rula duk lokacin da ya kama ta, sai ta mayar da alli dama, ta yi wani rubutu kamar kaza ta yi tono. Amma da an buga ƙararrawar shan iska, ta zagaya bayan aji ta zaro guntun gawayi daga bakin zanenta, hannun nan na hagu ya farka. Jakin da ya ɗauko auduga zuwa gidan gurza, sai ta zana shi da kunnensa ɗaya a kwance, ka ga gajiyarsa. Mai tallan nono da ƙwaryarta, har da yadda wuyanta yake ɗan karkacewa. Dutsen Kwatarkwashi da shaho yana shawagi a kansa. Ta taɓa zana Malam Garba a kan kekensa, babbar rigarsa ta cika da iska, ko fuska ba ta yi masa ba amma duk wanda ya gani sai ya rufe baki. Idan tana zane harshenta yakan leƙo ta wushiryar. In ta gama kuma ba ta tsayawa a yaba mata, sai ta goge da tafin hannu, ta share a zane, ta ruga.

Gudu kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba. Idan jirgin Ƙaura ya taso daga tasha, Kulu takan bi gefen dogo tana tsere da shi, har direban ya san ta, yakan busa mata. Maza ba sa yarda su yi tsere da ita gaban mutane. Ba ta gudu kamar wadda ake kora. Gudu take kamar wadda aka yi wa albishir.

Ni dai abu ɗaya nake so a duniya, in zama ƙawarta. A lokacinmu ƙawance ba hira ba ce kawai, ƙulla shi ake yi. Yarinya takan kai wa wadda take so 'yar kyauta, goro ko aya ko gyaɗa, in waccan ta karɓa ta rama, to an ƙulla ke nan. Daga nan tare za ku je kitso, tare za ku sa lalle da Sallah, kuma ranar aurenki ita ce za ta zauna kusa da ke. Na sha ƙulla aya a bakin zanena da safe da niyyar yau sai na ba ta. In zauna a bayanta har a tashi, bakina ya ƙi buɗuwa, in cinye abata a hanyar gida ina jin haushin kaina. (Ayar da na ci da sunan Kulu, da an shuka ta da an yi gona.) Ko sannu ba mu taɓa yi da ita ba. Ban ma da tabbacin ta san akwai mutum a bencin baya.

Sai ga ranar wasannin makarantu. An ce 'yan Tsafe za su zo a jirgi, 'yan Bungudu a lori, a haɗu a filinmu. Shekarar nan Baturen makarantu ya kawo wani sabon tsere da ba mu saba da shi ba, na miƙa sanda. 'Yan mata huɗu daga kowace makaranta, kowace ta yi nata rabon gudun ta ba ta gabanta guntun gora, ta ƙarshe ta kai shi layi. Malama Ladi, wadda ke kula da mu mata, ta zaɓi nata huɗun tana koya musu da yamma. Ni ba na ciki, kuma ban taɓa zuwa kallo ba, don Gwaggo ba ta yarda rana ta yi sanyi ina waje.

Da safen ranar, ɗaya daga cikin huɗun ta taka ƙaya, ƙafa ta kumbura. Malama Ladi ta tsaya tana duba mu ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina ƙoƙarin shigewa bayan wata mai jiki.

"Ke 'yar Bungudu, fito."

Na waiga bayana ko akwai wata.

"Ke dai. Na gan ki ranar da ragon mahauta ya biyo ki. Wadda ta yi gudun nan ba za ta ce ba ta iya ba."

Aka yi dariya. Kulu ta juyo ta dube ni tun daga kai har ƙafa, karo na farko ke nan da idonta ya tsaya a kaina. Ta ɗan ɗaga gira ta juya. Nan take na yanke a raina, idan muka ci, gobe zan kai mata aya, ko da bakina bai buɗe ba.

Bayanin da Malama ta yi mini bai fi haka ba: "Ke ce ta uku. In an ba ki sanda ki ruga, ki miƙa wa Kulu. Kin ji?"

Na ce na ji. Miƙa abu ai ba baƙon aiki ba ne a wurina. Idan akwai abin da na ƙware a kai a duk lardin, shi ne.

Fili ya cika. An ja layuka da toka, an kafa wa manya rumfar zana, 'yan doka suna korar yara da bulala, wani mai kalangu da ba wanda ya gayyata yana zagayawa. Masu tallan rake da ƙosai sun baje. Can gefe na hango lorin Bungudu, da mutanen ƙauyenmu a kansa, har da wani kawuna mai babbar murya. Gwaggo ba ta zo ba, ta ce mace mai hankali ba ta zuwa kallon ƙafafun mutane.

Muka ɗaure zannuwa a gwiwa, ƙafa ba takalmi. Aka kai kowa wurin tsayuwarta. Aka busa usur.

Ta farkonmu ta yi ƙoƙari, ta biyu ta ɗan ja baya. Da ta iso wurina 'yar Tsafe da 'yar Bungudu sun riga sun karɓi nasu sun wuce. Ta biyun nan tamu tsarata ce, saboda haka ban sami wata matsala da ita ba, na karɓa na zura. Ban san daga ina gudun ya zo ba. Na ji iska tana shiga kunnena, ƙasa tana guduwa a ƙarƙashina. Na wuce 'yar Bungudu. Na wuce 'yar Tsafe, har na ji numfashinta a kafaɗata sannan ya ɓace. Mutane suna ihu, kuma a cikin ihun na tsinci muryar kawuna yana cewa, "Ɗiyarmu ta! Wallahi ɗiyarmu ta!" duk da cewa makarantar garinsu nake kayarwa.

Sai ga Kulu a gabana.

Ta ba ni baya. Ta ɗan sunkuya, ta miƙo hannu ta baya, tafin a buɗe, ta fara ɗan taka gudu. Hannun kuma na hagu.

Yanzu na san haka ake yi. Yaro ƙarami ma ya sani. Amma ni a ranar abin da na gani shi ne wadda ta girme ni, ta juya baya, ta miƙo hagu. Ban yi tunani ba, rantsuwa zan iya yi a kan haka. Ƙafafuna da kansu suka kauce wa hannun, suka zagaya ta, suka sha gabanta. Gwiwoyina suka sauka a kan toka. Na ɗaga gora da hannu biyu, na sunkuyar da kai.

"Ga shi, Yaya."

Saura kaɗan ta yi tuntuɓe da ni. Ta ja birki har ƙasa ta watso mini a fuska.

"Ke! Mi na haka? Ba ni!"

Ta kawo hagun nan za ta fizga. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, sai na janye gorar na karkatar da ita wajen ɗaya hannun.

"Da dama," na ce.

Hirarmu ta farko ke nan da Kulu Tsafe, bayan duk ayar da na ci.

'Yar Tsafe ta ba tata ta wuce. 'Yar Bungudu ta ba tata ta wuce. Kulu ta wafce gorar da dama ta tsallake ni kamar an tsallake turmi. Daga inda nake na ga tafin ƙafafunta suna walƙiya. Ta kamo ta Bungudu ta bar ta a baya. Ta Tsafe kuwa, da layin ya ƙara taku kaɗan da ta cim mata. Bai ƙara ba. Muka zo na biyu.

Duk wannan a durƙushe na gan shi, don ba wanda ya ce in tashi.

Sai wani ya fashe da dariya a rumfar manya, daga nan ta kama ko'ina kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Mai kalangu ya matso ya fara yi mini kiɗa. Baturen makarantu ya cire hularsa yana fifita da ita, fuskarsa ta yi ja, yana tambayar na kusa da shi ko wata al'ada ce da ba a gaya masa ba. Wani tsoho ya ɗaga sandarsa ya ce, "Kai, wagga ɗiya ta samu tarbiyya! Ɗiyar wa ta?" Kawuna, wanda ɗazu ya cika fili da murya, ya kawar da kai kamar bai san ni ba.

Malama Ladi ta iso kaina tana haki. "Tashi mana! Ko sai an kawo miki tabarma?"

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Gwaggo a bakin murhu, maƙwabta sun kewaye ta suna ba ta, suna share hawayen dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"To mi ta yi? Waccan ba ta girme ta ba? A tsaye kuke so ta ba ta, kamar ɗiyar da ba ta da gida?" Ranar har nama ta ƙara mini a miya.

Washegari a makaranta na tarar an raɗa mini suna, Ga-shi-Yaya. Wanda zai ba ni alli sai ya durƙusa. Maza suka riƙa zubewa a gabana da tsinke a hannu biyu. Kulu ba ta shiga cikinsu ba, amma ba ta juyo ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Na zauna ina kallon ƙeyarta ina cewa shi ke nan, na kayar da ita gaban mutanen garinsu. Da gari ya sake wayewa na ce cikina ke ciwo. Gwaggo ta jiƙa mini maɗaci, na shanye ban yi gardama ba, don ya fi makaranta daɗi.

Ina kwance a ɗaki da la'asar na ji sallama a tsakar gida, muryar da ko a cikin kasuwa zan gane ta.

"Gwaggo, ina wuni? 'Yar Bungudu tana nan?"

"Tana ciki. Ciwon kunya ka damun ta, maɗaci bai yi mata magani ba. Ke ta mai gudun?"

"Ni ta."

"Da hannun hagu anka ce kin miƙa mata."

"A yi haƙuri, Gwaggo."

Na fito don ba yadda zan yi. Muka zagaya bayan rumbu inda tunkiya take ɗaure. Na tsaya ina murza bakin zane, ita kuma tana kallona, kunnenta yana motsi.

"Kin san Allah," ta ce, "ina jiran sanda, ina jira, sai na ga mutum ƙasa kamar an zo gaida alƙali. Na ce ko faɗuwa ta yi. Sai na ji, da dama!"

Ta kwaikwayi muryata, 'yar siririya kamar ta sauro. Dariya ta ƙwace mata har ta dafa rumbu. Ni kuma hawaye suka zubo.

"Kai, bari kuka. 'Yan Tsafe ai 'yan garinmu na, in sun ci ba baƙo ya ci ba." Ta zaro gawayinta. "Matsa, kin tare min haske."

Na san abin da za ta zana, na kuma san na cancanta. Na kawar da kai ina jin ƙarar gawayi a jikin rumbu. Da ta ce in duba, ban ga mai durƙuso ba. Wata yarinya na gani tana gudu, ƙafafunta duka biyu ba su taɓa ƙasa ba, kitsonta ɗaya ya warware, bakinta a buɗe, gora a hannunta. A bayanta can nesa wasu 'yan ƙanana biyu.

"Wace ce wannan?"

"Ke ta mana. Na waiga na gan ki kina tahowa. Haka kike kahin ki lalace." Ta goge hannu a zane. "Tun yaushe kike ajinmu?"

"Tare aka sa mu."

"Haba! Ina kike zama?"

"A bayanki."

Ta ƙare mini kallo. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da goro guda, ja, har ya ɗan fara bushewa, da alama na babanta ta ɗauko. Ta durƙusa a kan kashin tunkiya, ta ɗago shi da hannu biyu, ta sunkuyar da kai.

"Ga shi, ƙawa. Da dama hwa."

Ban san lokacin da na fara dariya ba, ga majina ga hawaye. Washegari na kai mata aya, kuma wannan karon ta isa hannunta.

Damina ɗaya muka yi. Tare muka sa lalle da Sallah, ita ta zana mini nawa da tsinke, wani irin zane da mata suka riƙa kama hannuna suna dubawa. Ta koya mini yadda ake karɓar sanda ana gudu, na koya mata kaɗi bai shiga ba. Mukan zauna a gefen dogo muna shan rake, tana gaya mini sunayen tashoshin da babanta ya sani, ni kuma ina magana, magana mai yawa, har ta ce ashe rufe ni aka yi kamar tulu. Kafin a fara cirar gyaɗa aka yi wa babanta canjin wurin aiki zuwa kudu. Na raka su tasha. Da jirgin ya taso na bi gefen dogo da gudu, tana leƙowa ta taga tana ihu, "Ɗaga ƙafa, 'yar Bungudu!" har numfashina ya ƙare.

Ban sake ganinta ba. Ranar aurena wata ce ta zauna kusa da ni, mutuniyar kirki, amma na yi ta duban ƙofa. Da na girma na taɓa sauka a Tsafe na yi cigiya, wani ya ce sun yi Zariya, wata ta ce a'a, sun wuce Zariyar ma. Ban san ko ta ci gaba da zane ba, ko wani ya yi nasarar raba ta da hannun nan. Ban san ko tana raye ba. Wani lokaci in na ga yarinya doguwa ta wuce da gudu a layinmu, sai in ajiye abin da nake yi.

Malama Ladi ta so in koyi cewa filin tsere ba wurin ladabi ba ne, kuma na koya. Amma abin da ya fi zauna mini daban ne. Na yi shekaru a bencin baya ban yi kuskure ko ɗaya ba, ba ta san ina duniya ba. Ranar da na tafka abin kunya gaban garuruwa uku, ranar na sami ƙawa. Shi ya sa idan jikata ta dawo daga makaranta tana kuka wai ta ji kunya gaban mutane, ba na saurin lallashinta. Sai in matso in tambaye ta, "Wa da wa suka gani?"